Tsawon Igiyar Talala: Amana da Sa Ido a Kan Yaron da Ya Yi Laifi

Makiyayi ya san bambancin turke da talala. Dabbar da aka ɗaure a turke, inda aka ajiye ta nan za ta tsaya, abin da aka zuba mata shi za ta ci. Wadda aka yi wa talala kuwa an sakar mata doguwar igiya, tana kiwo tana zagayawa, har takan manta a ɗaure take, sai ta kai ƙarshen igiyar sannan ta tuna. Daga nan Hausa ta aro sunan wani nau'in hukunci, ɗaurin talala, wato a sami mutum da laifi amma a bar shi ya koma gida bisa sharuɗɗa, a naɗa jami'in da zai riƙa sa masa ido. A shari'ar yara akwai ma matakin da ya riga wannan, shi ne a kauce da yaro daga zauren kotu baki ɗaya, a warware maganarsa ta hanyar gargaɗi, ko sulhu, ko biyan abin da ya ɓarnata, ko sanya shi a wani shirin gyaran hali. A kowanne daga cikin biyun, akwai babban mutum guda da aka damƙa wa bakin igiyar.

Wannan mutum shi ne abin nazarinmu. An ɗora masa ayyuka biyu waɗanda ba sa ga maciji. Ana so ya jawo yaron a jiki har yaron ya saki jiki da shi, ya faɗa masa abin da ba ya faɗa wa iyayensa. Ana kuma so ya kai rahoto ga alƙali duk ranar da yaron ya saɓa sharaɗi, rahoton da ka iya zama sanadin kulle shi. Shin mutum ɗaya yana iya zama amini kuma mai gadi ba tare da ya yaudari ɗayan ɓangarorin ba? In yana iyawa, mene ne iyakar tsawon igiyar, wa kuma yake sa ido a kan mai riƙe da ita?

Asalin al'amarin

Talalar masu laifi ba daga littattafan masana shari'a ta fito ba. Wani baduku ne mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya fara ta a 1841. Ya shiga kotu ya tarar za a tura wani mashayi gidan kaso, ya roƙi alƙali a ba shi mutumin zai tsaya masa. Bayan mako uku ya dawo da shi a natse, alƙali ya ci shi tarar senti ɗaya da kuɗin shari'a ya sallame shi. Daga nan Augustus ya mayar da abin aikin rayuwarsa, ya tsaya wa mutum kusan 2,000, maza da mata da yara, kafin rasuwarsa a 1859. Sai a 1878 jihar Massachusetts ta mayar da abin da badukun ya fara ya zama doka. A Ingila, dokar talala ta 1907 ta zayyana aikin jami'in da cewa ya ba mai laifi shawara, ya taimake shi, ya kuma zame masa aboki. A tsakanin waɗannan shekaru, cikin 1899, aka buɗe kotun yara ta farko a birnin Shikago, bisa tunanin cewa hukuma ita ce uwa ita ce uba ga yaron da ya rasa mai tsawatar masa.

Abin lura a tarihin nan shi ne Augustus ba ma'aikacin kotu ba ne. Dukiyarsa da mutuncinsa ya jingina, don haka in wanda ya tsaya wa ya gudu, shi ke asara. Da aikin ya koma hannun hukuma, aka riƙe kalmar abota, amma aka sauya wanda ke ɗauke da asarar. Jami'in yau albashinsa ba ya raguwa don yaro ya saɓa sharaɗi, yaron ne ke rasa 'yancinsa. Tun daga wannan sauyi tambayar amana ta shigo, har yau kuwa ba ta fita ba.

Dalilin da ya sa yaro ya bambanta

Kafin a tambayi yadda za a riƙe igiya, ya kamata a amsa dalilin ƙin ɗaurewa a turke. Hujja ta farko tsohuwa ce. Malaman fiƙihu sun rataya ɗora wa mutum alhaki a kan balaga da hankali. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewacin Najeriya, a sashe na 50, ta ce aikin yaron da bai kai shekara bakwai ba ba laifi ba ne, haka ma na wanda bai kai sha biyu ba muddin hankalinsa bai kai ya gane sakamakon abin da ya yi ba. Binciken ƙwaƙwalwa na wannan zamani ya ƙarfafa abin da magabata suka lura da shi: ɓangaren da ke kula da kame kai da hangen ƙarshen al'amari shi ne na ƙarshen nuna, yakan kai shekaru ashirin da 'yan kai bai gama ba. Matashi yakan san abu haramun ne, amma in yana cikin abokai zuciya ta ɗebe shi, sanin ba ya tsayar da hannunsa. Wanda ikonsa a kan kansa bai cika ba, adalci bai yarda a auna masa da cikakken mudu ba.

Hujja ta biyu ta shafi gobe. Masu nazarin laifuffuka a ƙasashe da dama sun ga abu guda yana maimaita kansa: aikata laifi yakan hau a farkon samartaka, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen shekarun goma sha, sannan ya sauka. Mafi yawan samarin da suka taɓa ɗauke-ɗauke ko faɗan unguwa sukan bari da kansu in sun sami sana'a, ko aure, ko kuma shekaru sun ja. Abin tsoro shi ne kada hukunci ya toshe wannan hanyar komawa. Tun 1938 masani Frank Tannenbaum ya yi gargaɗin cewa kamawa da gurfanarwa da laƙaba suna sukan koya wa yaro ya ɗauki kansa a matsayin abin da ake kiransa. Wani dogon bincike da aka fara a birnin Edinbara a 1998, wanda ya bi rayuwar yara kimanin 4,300, ya nuna cewa tsakanin yara masu kama da juna a hali da laifi, wanda aka fi nutsar da shi cikin matakan shari'a shi ya fi wuyar daina laifi. Bahaushe ya riga ya faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya shiga gidan tsarewa saboda wayar hannu ɗaya, yakan fito da sanin fasa shago da sunayen masu sayen kayan sata.

Saboda haka ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi cewa tsare yaro ya zama mataki na ƙarshe, kuma na mafi ƙarancin lokacin da ya dace.

Haƙƙin wanda aka zalunta

Mai ja zai ce, to ina haƙƙin matar da aka sace wa jarin ƙosanta, ko dattijon da aka fasa wa kai? In yaro ya yi ɓarna da safe, da la'asar aka gan shi yana wasan ƙwallo a ƙofar gida, me aka koya wa sauran yaran unguwa? Wannan ja yana da nauyi, wanda ya raina shi bai taɓa tsayawa kusa da wanda aka cuta ba. Al'ummar da ta ga hukuma tana sakin masu laifi ba bayani, takan yanke ƙauna ta ɗauki doka a hannunta, kuma yaran da ake son karewa su ne farkon waɗanda ke faɗawa hannun taron da ya fusata.

Sai dai a duba abin da kulle yake ba wanda aka zalunta. Mai ƙosai ba ta samun jarinta don an tura yaro gidan horo. Sau da yawa ma ba a kiranta sai don ba da shaida, daga nan an gama da ita. Kaucewa daga kotu, in an yi shi yadda ya kamata, ya fi kusa da biyan bukatarta. Misali mafi shahara shi ne na ƙasar Niyu Zilan. Bayan koke-koken al'ummar Mawori, 'yan asalin ƙasar, cewa tsarin shari'a yana raba su da 'ya'yansu, dokar 1989 ta kafa zaman dangi. Ana tara yaron da danginsa, da wanda aka cuta in ya yarda, da ɗan sanda, da jami'i mai shirya zaman. Wanda aka cuta ya faɗi abin da ya same shi, yaron ya saurara ido da ido, sannan a bar dangi su kaɗai su tsara yadda za a gyara: neman gafara, biyan diyya, aikin gayya, komawa makaranta. Yaro da yawa zai gwammace tsayuwa gaban alƙalin da bai san shi ba a kan zama gaban kakarsa tana jin abin da ya aikata.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san zauren mai unguwa, inda ake kiran uban yaro da mai ƙara, a biya abin da aka ɓata, a ja kunne, a watse ba tare da takarda ta shiga ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk da haka, akwai laifuffukan da sulhu ba ya ɗaukar nauyinsu. Kisa da fyaɗe da fashi da makami suna bukatar kotu, wani lokaci ma tsarewa ce kaɗai ke kare jama'a, ta kare yaron kansa daga ramuwa. Mai kare talala da gaskiya ba ya musun wannan. Abin da yake cewa shi ne irin waɗannan su ne kaɗan, bai kamata a gina wa masu yawa gida da ma'aunin kaɗan ba.

Inda kyakkyawar niyya ke cutarwa

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa yana zuwa ne daga ɓangaren masu tausayi. Da zarar an kira abu taimako, sai a daina tambayar iyakarsa. Shari'ar Gerald Gault a jihar Arizona ta isa misali. A 1964, yana ɗan shekara 15, yana kuma cikin wa'adin talala saboda an same shi tare da wani yaro da ya saci jakar kuɗi, wata maƙwabciya ta yi ƙarar an buga mata waya an yi mata maganar batsa. Aka kama shi ba a sanar da iyayensa ba. Ba a ba shi lauya ba, mai ƙarar ba ta zo kotu ba. Jami'in talala shi ya shigar da takardar ƙara, shi ne kuma shugaban gidan da aka tsare yaron. Alƙali ya tura shi makarantar horo har ya cika shekara 21, wato kusan shekara shida, alhali babban mutum da ya yi laifin nan iyakarsa tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu. Hujjar ita ce ba hukunta shi ake yi ba, gyara shi ake yi, mai gyara kuwa ba ya bukatar ƙa'idojin mai hukunci. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe wannan tunani, ta tabbatar wa yaro haƙƙin a sanar da shi tuhuma, da samun lauya, da fuskantar mai zarginsa, da ƙin ba da shaida a kan kansa.

Ko inda ba zalunci, taimako kansa yana iya zama cuta. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville kusa da Boston. Aka raba yara maza kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su masu ba da shawara da ke ziyartarsu, da ƙarin darasi, da kula da lafiya, da sansanin hutu, na kimanin shekara biyar. Ɗaya kashin aka bar su yadda suke. Bayan shekara 30 masaniya Joan McCord ta bi sawun mutum 506 daga cikinsu, ta wallafa sakamakon a 1978. Waɗanda aka taimaka ba su fi sauran ba, hasali ma sun fi su maimaita laifi, da alamun shaye-shaye, da mutuwa da ƙuruciya. Abin mamaki, yawancinsu sun ce shirin ya amfane su. Nazarin da ya biyo baya ya nuna waɗanda aka tura sansani fiye da sau ɗaya, inda suka cakuɗa da juna, su suka fi lalacewa. Haka shirin nan da ya yi tashe a Amurka daga ƙarshen shekarun 1970, na kai yara gidan yari don fursunoni su tsorata su, da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, sai aka ga ƙara laifi yake yi. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai kuma abin da masani Stanley Cohen ya bayyana a 1985 da misalin komar masunta. In aka buɗe shirin kaucewa daga kotu, ana zaton zai rage yawan yaran da ake kullewa. Amma sau da yawa 'yan sanda sukan cika shi da yaran da a da gargaɗi kawai za a yi musu a sake su. Koma ta faɗaɗa, idanunta suka ƙanƙance, ƙananan kifayen da ke sulalewa a da suka maƙale. Yaron da ya kamata a ja wa kunne a minti biyar ya wayi gari yana da fayil da jami'i da sharuɗɗa goma sha.

Mu ma mun ga irin namu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, cikinsu har da yara, daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara, don gudun kada su ƙare a hannun hukuma. Wannan ma kaucewa daga kotu ce, sai dai ba mai duba ta. Darasin duk misalan nan ɗaya ne: niyyar mai gyara ba ta isa shaida a kan aikinsa ba, sai an duba abin da ya sami yaron.

Fuska biyu na mai riƙe da igiya

A ƙaddara wani yaro ɗan shekara 15 da aka yi wa talalar wata shida saboda satar waya. Cikin sharuɗɗansa akwai kada ya fita bayan isha'i, kada ya yi hulɗa da abokan da aka kama su tare, ya riƙa zuwa ofis duk mako. Bayan wata biyu ya saba da jami'insa, rannan ya ce masa: «Yallaɓai, daren jiya na fita. Ƙanwata ce ba lafiya, Inna ta aike ni kantin magani, a hanya na haɗu da su muka gaisa.» Ya saɓa sharaɗi biyu a dare ɗaya, kuma ba wanda ya sani sai don ya faɗa da bakinsa.

In jami'in ya rubuta rahoto, ya koya wa yaron cewa gaskiya ce ta jefa shi rami, daga ranar ba zai sake jin komai daga bakinsa ba sai abin da aka shirya. In ya yi shiru ya ɓoye, ya ci amanar kotun da ta wakilta shi, ya kuma koya wa yaron cewa doka abar ciniki ce tsakanin waɗanda suka saba. Wasu sun ga mafita a raba aikin gida biyu, a sami mai sa ido daban, mai ba da shawara daban. Wannan yana rage nauyi amma ba ya kawar da matsalar, domin mai shawarar ma wata rana zai ji abin da ba zai iya haɗiyewa ba, kamar yaro ya ce ya sayi wuƙa yana jiran wani.

A ganina amsar tana farawa ne tun ranar farko. Abin da ke mayar da sa ido cin amana shi ne ɓoye shi. Uba ma yana ƙauna yana tsawatarwa, ɗansa bai taɓa kiran wannan yaudara ba, domin ya san da duka biyun tun tasowarsa. Jami'in da ya zaunar da yaro da iyayensa ya ce musu ga abin da zai tsaya tsakaninmu, ga abin da dole in kai gaba ko da ina ƙaunarka, ya gina amana a kan gaskiya. Wanda ya shigo da fuskar aboki zalla, ya tatsi sirri, sannan ya fito da alƙalami, shi ne mayaudari, ko da rahotonsa gaskiya ne.

Na biyu, wajibi ne a bambance tuntuɓe da haɗari. Fita sayen magani da sabon laifi ba ɗaya ba ne, tsarin da ya daidaita su ya manta dalilin kafa shi. An sanya sharaɗi ne don ya kai yaro ga gyaruwa, yaron da ya je sayo wa ƙanwarsa magani sannan ya zo ya faɗi gaskiya kuwa, ai alamar gyaruwar ce ta bayyana. Abin da ya dace shi ne jami'in ya rubuta abin da ya faru cikin littafinsa yadda yake, ya rubuta matakin da ya ɗauka da dalilinsa, ya zauna da uwar su shirya wanda za a riƙa aika da dare, ba tare da ya nemi kotu ta soke talalar ba. Bai ɓoye ba, bai kuma mayar da yaron abin layya ba. Wannan yana bukatar doka ta ba shi sararin yin amfani da hankalinsa, shugabanninsa kuma su riƙa duba yadda yake amfani da sararin.

Na uku, yawan sharuɗɗa zalunci ne mai kama da kulawa. Kowane sharaɗi ƙari ne ga ƙofofin faɗuwa. In aka ce yaro ya zo ofis duk mako, aka manta ba shi da kuɗin mota, an hukunta talaucinsa. In aka ce kada ya haɗu da wane, alhali gidansu yana kallon gidan su wane, an ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ta haka yaron da laifinsa na asali bai kai a kulle shi ba yakan ƙare a kulle saboda saɓa ƙa'idar da ba laifi ba ce ga kowane yaro a unguwar. Ma'aunin da ya kamata a auna kowane sharaɗi da shi shi ne: yana da alaƙa da laifin da aka yi, yaron yana da ikon cika shi, kuma an shirya taimaka masa ya cika?

Wa ke duba mai dubawa

Sararin da aka ba jami'i shi ne kuma ƙofar son kai. Ɗan mai hali in ya yi laifi, ubansa yana zuwa da babbar riga da lauya da kuɗin diyya, a ce yaro ne mai gata, a sallame shi. Almajiri ko maraya in ya yi irin laifin, ba wanda zai sa hannu a takarda, sai a ce ba shi da tsayayyen adireshi, a tsare shi. Laifi ɗaya, ƙarshe biyu, abin da ya raba su kuwa ba halin yaran ba ne. Tsarin da ya jingina rangwame a kan samuwar dangi masu ƙarfi, dole ya samar da mai tsayawa ga wanda ba shi da kowa, in ba haka ba rahamarsa ta masu gata ce.

Haka batun yarda. Ƙa'idojin Beijin na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1985 sun ce tura yaro wani shiri a madadin kotu yana bukatar yardarsa ko ta iyayensa, kuma hukuma mai iko ta iya sake duba matakin. Dalili a fili yake. Yawancin irin waɗannan shirye-shirye sai yaro ya amsa laifinsa ake karɓarsa. Yaron da bai yi komai ba, in aka ce masa ko ka amsa ka kwana a gida ko ka musa ka jira shari'a a tsare, ba wuya ya amsa. Yardar da aka karɓa a bakin ƙofar ɗakin tsarewa, ba lauya ba babba a kusa, sunanta kawai yarda. Afirka ta Kudu, a dokarta ta shari'ar yara ta 2008, ta yi ƙoƙarin rufe wannan ɓaraka ta hanyar wajabta wa jami'in talala tantance yaro, sannan a yi zaman share fage gaban majistare, wanda zai duba ko kaucewa daga kotu ta dace.

A Najeriya ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon warware ƙaramin laifin yaro ta hanyar sulhu da sa ido da biyan diyya ba tare da shari'a ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kafa sashe na musamman don hukuncin da ba na kulle ba, ciki har da talala da aikin al'umma. Gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani kuwa uku ne, a Kaduna da Ilori da Abeokuta, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kulle ba zai taɓa zama amsa ga mafi yawan yara ba. Abin da ake bukata mutane ne: jami'ai masu horo, waɗanda ba a lafta wa kowannensu yaran da ba zai iya tuna sunayensu ba, masu abin hawan da za su kai ziyara gida. Ga kuma dukiyar da muke da ita a ƙasa, masu unguwanni, da limamai, da iyayen gida a garejin kanikanci da shagon ɗinki da rumfar kafinta, waɗanda da ma su ke renon 'ya'yan wasu. Ɗa na kowa ne, amma abin da ya faru a Rigasa ya nuna cewa duk wanda za a ba ɗan wani, sai a san sunansa, a san iyakar ikonsa, a kuma bar ƙofarsa a buɗe ga mai dubawa.

Kammalawa

Mutum ɗaya yana iya zama amini kuma mai gadi, da sharaɗin ya bayyana fuskokinsa biyu tun farko, ya auna martaninsa da girman abin da ya faru, ya kuma yarda a riƙa duba aikinsa kamar yadda yake duba yaron. Tsawon igiya kuwa, gwargwadon haɗarin da ake tsoro ne, ba gwargwadon fushin da ake ji ko yawan alherin da ake son yi ba. Ya kamata ta riƙa ƙara tsawo yayin da yaro ke nuna ya iya riƙe kansa, domin ba a koyon 'yanci sai da 'yanci.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne a sa ranar kwancewa, kuma in ta zo a kwance da gaske. Yaron da ya cika wa'adinsa, ya biya abin da ya ɓata, bai kamata fayil ɗinsa ya riƙa binsa zuwa neman makaranta da aiki da aure ba. In laifin shekara 15 yana hana mutum abinci yana da shekara 30, to wa'adin da alƙali ya faɗa ƙarya ne, hukuncin na rai da rai ne aka ɓoye sunansa. Al'ummar da ta nemi yaro ya canza ta ɗauki alkawarin karɓarsa in ya canza, jami'in talala kuwa shi ne shaidar wannan alkawari a gaban ɓangarorin biyu. Aikinsa yana cika ne ranar da ya rubuta wa kotu cewa wannan yaro ba ya bukatarsa kuma, kotu ta rufe fayil ɗin, unguwa ta kira yaron da sunan da ubansa ya raɗa masa.